Ranar da Hadari Ya Tare Jirgin Sakkwato

Ranar Lahadi 29 ga Oktoba, 2006, 'yan kwanaki bayan Ƙaramar Sallah, jirgin kamfanin ADC ƙirar Boeing 737 ya ɗauki mutum 105 a filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe da ke Abuja, zai nufi Sakkwato. Cikin fasinjojin akwai Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, da ɗansa Sanata Badamasi, da Sanata Sule Yari Gandi.

Da hantsi hadari ya haɗu, ruwa ya goce da iska. Hasumiyar filin ta yi ta sanar da matuƙa yadda iskar ke sauyawa. Matuƙin wani jirgin ya ce shi kam zai dakata har gari ya lafa. Na ADC ya nemi izini, ya tashi.

Ƙafafun jirgin na barin ƙasa, na'urar gargaɗi ta fara kuwwa. Ya faɗa cikin abin da matuƙa suka fi tsoro: iska mai sulmiyowa daga cikin gajimare, ta doki ƙasa, ta fantsama ko'ina. Da fari takan bugi jirgi ta gaba, ya ji kamar an tallafe shi. Can sai ta danne shi daga sama, ta juyo ta bayansa, fukafukai su rasa iskar da za ta riƙe su. Jim kaɗan jirgin ya rikito cikin gona kusa da Tungar Madaki. Mutum 96 suka riga mu gidan gaskiya, har da Sarkin Musulmi. Tara kawai suka tsira.

Duniya ta san wannan iska tun kafin ranar. Masanin yanayi Ted Fujita ne ya bayyana ta, kuma bayan ta kayar da jirgin Delta a Dalas ta Amurka a 1985, aka duƙufa neman hanyar ganinta daga nesa. Rada mai fasahar Dofla ita ta warware matsalar. Takan harba sigina cikin hadari, ɗigon ruwa ya maido da ita, daga nan a gane ƙarfin ruwan, da inda iska ta nufa, da saurinta. Matuƙi ya ga ja a allonsa, ya san nan ba hanya ba ce. Na'urar da ta yi kuwwa a jirgin Sakkwato kuwa irin wadda ba ta magana ce sai an riga an shiga cikin iskar.

Masu bincike sun ɗora musabbabin hatsarin kan tashi cikin mummunan yanayi da aka sani, da rashin bin ƙa'idar kuɓuta daga irin wannan iska. Ajali ba ya wuce lokacinsa, amma an umarce mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali. Hukumomi su wadata filayen jiragenmu da rada, su kula da gyaranta. Kai kuma fasinja, in an ce a jira hadari ya wuce, ka yi haƙuri. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.