Gidan Tolstoy Bai Daina Koyarwa Ba

Kusan kilomita 200 kudu da Mosko, daf da garin Tula, akwai wani gandu da ake kira Yasnaya Polyana. A nan aka haifi marubucin Rasha Leo Tolstoy a 1828, a nan ya rubuta Anna Karenina da babban littafinsa na Yaƙi da Zaman Lafiya, a nan kuma aka binne shi a 1910. Tun 1921 gwamnati ta mai da wurin gidan tarihi, 'yarsa Alexandra ce ta fara riƙe shi.

Mai ziyara zai tarar da kaya yadda mai gida ya bar su: teburin rubutunsa, da doguwar kujerar fata wadda a kanta aka haife shi, da littattafai sama da 20,000 a harsuna barkatai. Kabarinsa kuwa tudun ƙasa ne kawai a cikin daji, ba dutse ba suna, don haka ya yi wasiyya. To amma da iyakar abin ke nan, da wurin ya zama na a leƙa a wuce.

Abin da ya raya gidan shi ne karantarwa, kuma gado aka yi. A 1859 Tolstoy ya buɗe makaranta a harabarsa don 'ya'yan manoma. Ba bulala, ba aikin gida, yaro ya shigo lokacin da ya ga dama, ya fita in ya gaji. Malamin zaure zai ce wannan ai sakarci ne, amma sai ga yara suna kai dare suna tsara labari tare da shi, wannan ya kawo jimla, wancan ya ce bai yarda ba. Abin ya burge shi har ya rubuta maƙala a 1862 yana tambayar wa ya kamata ya koyi rubutu a wurin wa, yaran ƙauye ko manyan marubuta. A shekarar ce kuma jami'an tsaron Sarkin Rasha suka yi wa gidan dirar mikiya suna bincike, makarantar ba ta daɗe ba bayan nan.

Yau ana kawo ɗalibai su zauna a koya musu sana'o'in hannu na gargajiyar Rasha, irin su ginin tukwane da haɗa 'yar tsana da ƙyallaye. Akwai ƙungiyar yara da ke taruwa a gandun lokacin hutu, sunanta 'Yan'uwantakar Tururuwa, daga wani wasa da Tolstoy ya yi da 'yan'uwansa suna ƙanana. Gonakin tuffa na nan ana kula da su, dawaki ma na nan. A ganina hikimar ke nan: yaron da ya kwaɓa yumɓu a gidan marubuci zai fi saurin neman littafinsa a kan wanda aka jera a layi aka ce kada ya taɓa komai.

Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Gidan Malam Aminu Kano, wato Mambayya, yana hannun Jami'ar Bayero, ana taruka da bitoci a ciki, kuma Malam kansa ya rubuta wasannin kwaikwayo. Sai dai can siyasa ce ta fi rinjaye, ba adabi ba.

Manya ma ba a bar su a baya ba a Yasnaya Polyana. Duk watan Satumba, wajen zagayowar ranar haihuwar Tolstoy, marubuta daga ƙasashe daban-daban kan haɗu a gandun, a karanta sababbin rubuce-rubuce, a yi muhawara. Zuriyarsa da suka watsu a duniya su ma sukan dawo taron dangi. A 2003 kuma gidan tarihin, da haɗin gwiwar kamfanin Samsung, ya kafa kyautar adabi mai sunan gandun. Daga baya aka ƙara rukunin littattafan waje da aka fassara zuwa Rashanci, wanda Orhan Pamuk na Turkiyya ya lashe a 2016, Mario Vargas Llosa na Peru kuma a 2017.