Garin "Sitem Sel" Ba Ya Gyara Zuciya

A 'yan shekarun nan da wuya ka buɗe WhatsApp ko ka zauna a gidan biki wani bai tallata maka garin "sitem sel" ba. Ɗan ƙunshi ne mai ƙyalli, wai a zuba a ƙarƙashin harshe safe da yamma, zuciyar da ta kumbura ta dawo sabuwa fil. Mai tallar har farar riga yake sakawa, ana ce masa Dokta. Abin nan ya ishe ni.

Sitem sel ƙwayoyin halitta ne masu rai da sauran ƙwayoyin jiki ke tsirowa daga gare su, irin na cikin ɓargo. Masu rai fa. Abin da aka busar, aka niƙa, ya wuni a but ɗin mota cikin zafin bazara, wane rai ya rage masa? Ko da na tuffa ne ko inabi, kamar yadda ake rubutawa a kwalin, ƙwayar tsiro ba ta rikiɗa ta zama tsokar mutum. Ciki zai narkar da shi yadda yake narkar da tuwo.

Inda aikin ya tabbata shi ne dashen ɓargo ga masu sankarar jini da masu sikila, wanda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin ya yi wa mai sikila a 2011. Na zuciya kuwa har yanzu gwaji ake. An fara zuba ƙwayoyin ɓargo a jijiyar zuciya a Jamus a 2001. Wani gwaji na mutum 204 da aka wallafa a 2006 ya nuna ƙarfin harba jini ya ƙaru da maki 5.5 ga waɗanda aka ba ƙwayoyin, waɗanda ba a ba su ba kuma ya ƙaru da maki 3. Tazarar ke nan. A 2018 Jami'ar Harvard ta nemi a janye maƙaloli 31 na ɗakin binciken Piero Anversa, mai bincike kan sitem sel na zuciya, saboda an yi coge a sakamakon. Hukumar FDA ta Amurka ba ta amince da sitem sel a matsayin maganin ciwon zuciya ba.

Dubi abin da nas ke yi a gwajin gaskiya. Ita ke zama da majiyyaci ta tabbatar ya fahimci takardar yarda kafin ya sa hannu, ya san gwaji ne, kuma yana iya fasawa. Ta shirya shi a ɗebi ɓargo daga ƙashin ƙugunsa. Ta duba sunan da ke jikin ƙwayoyin bayan an tace, kada a ba shi na wani. Idan likita ya zura siririyar roba ta matsematsi ko wuyan hannu har zuwa zuciya, idonta na kan na'ura, domin bugun na iya rikicewa nan take. Bayan an gama tana leƙa wurin hujin ko yana tsattsafar da jini, tana taɓa ƙafa ta ji ko ta yi sanyi. Sannan a yi watanni ana bibiya. Mai ƙunshin ku wanne ya yi a ciki?

Babban takaicina masu ajiye maganin asibiti ne saboda garin. Baba, Hajiya, don Allah kada ku daina ƙwayar hawan jini ko ta rage ruwan jiki sai likita ya ce. Ku rage gishiri da kanwa, musamman mai jego, tunda ciwon zuciyar bayan haihuwa ya yi yawa a Kano, Zariya da Sakkwato. Ƙafa ta kumbura, ko numfashi ya gagara sai an jingina da filo, a tafi asibiti a ranar. In kun riga kun sayi garin, ku kai wa nas kwalin ta gani, ba abin kunya ba ne. Lambar NAFDAC a jiki ba shaidar yana warkarwa ba ce.

Ma'aikaciyar jinyar da ke ciro ƙunshin daga jakarta a ɗakin marasa lafiya kuwa, a kai ƙararta wurin shugabar nas-nas ta asibitin.