Tabarau Na Cikin Ido Da Masu Nitso

Duk wanda ya taso a cikin birnin Kano ya san kududdufai, waɗanda kakanninmu suka haƙa garin ɗibar ƙasar gini da ta ganuwa. Ya kuma san da damina sukan ci mutane, sai a kira 'yan kwana-kwana su yi nitso su fito da wanda ya nutse. To, ga tambaya: mai nitso wanda idonsa ke da rauni, yaya zai yi, tun da tabarau mai ƙafafu ba ya zama a ƙarƙashin ruwa?

Da farko mu san ko lafiyayyen ido ba ya gani sosai cikin ruwa. Fatar nan garai-garai da ke gaban ƙwayar ido ita ce ke karya haske, amma ba ta iya wannan aiki sai in iska ce a gabanta. Don haka masu nitso ke ɗaura gilashi a fuska, mai bakin roba, ya tare musu 'yar iska. A 1943 waɗansu Faransawa biyu, Cousteau da Gagnan, suka ƙago tulun iska da ake goyawa, har mutum ya daɗe a ƙasa yana numfashi. A wannan shekara kuwa aka buɗe Asibitin Ido na Mishan a nan Kano.

Akwai wani ɗan faifai da ake mannawa a kan idon kansa, ya maye gurbin tabarau. Na farko masu tauri ne, ba su kuwa dace da nitso ba. Dalili, kowace ƙafa 33 da mutum ya nutsa, nauyin da ke danne shi yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a tudu. Iska takan narke cikin hawaye, in ya taso sai ta koma 'yan kumfa a maƙale tsakanin faifan da ido, gani ya dushe. Mai laushi, wanda Otto Wichterle ya gano hanyar yinsa a birnin Prague a 1961, yana da ruwa a jikinsa, yana lafewa a ido, ba a cika samun wannan wahala da shi ba.

Amma fa ba a sayensa kamar hula a kasuwar Kurmi. Likita zai auna ƙarfin gani, ya auna lanƙwasar fatar idon, ya duba ko hawaye na isa. Sa'an nan ya sa na gwaji, mai faɗin wajen milimita 14, ya bar shi ya zauna, ya haska fitila ya ce a ƙifta. Ana so ya ɗan motsa kaɗan. In ya kama tsam, hawaye ba zai gudana ƙarƙashinsa ba. In ya yi sako-sako, ran da ruwa ya shiga gilashin fuska sai ya tafi da shi. Saboda haka ake koya wa mai nitso ya rufe ido sa'ad da yake fitar da ruwan.

A ganina babban haɗarin ba ɓacewar faifan ba ne. Cikin ruwan tafki da na rijiya, har da na famfo, akwai wata ƙwayar cuta mai suna Acanthamoeba, wadda kan liƙe a faifan ta ci fatar ido, wani lokaci har ta makanta mutum. Shi ya sa likitoci suka fi ba masu nitso irin wanda ake sawa yini guda, da an fito a cire a yar. Wanda kuma bai yarda da wannan ba, ana iya yi masa gilashin fuska daidai da awon idonsa.

Kududdufinmu dai, gaskiya, duhu ne, da laluben hannu ake aiki a ciki. Amma malamin da ya ga ɗalibinsa mai sa wannan faifai zai shiga wanka, a kududdufi ko a Tiga, sai ya sa shi ya cire tukuna. In kuwa ido ya yi ja da zafi bayan wanka, a kai shi asibiti ran nan, a tafi da faifan don likita ya gani.