Etanol da Buhun Masara: Lissafin da Ya Shafi Ƙofar Dawanau

Shirinmu na musamman na yau zai tashi ne daga Ƙofar Dawanau, ɗaya daga cikin ƙofofin tsohuwar ganuwar Kano ta ɓangaren arewa maso yamma. Wanda ya fita ta wannan ƙofa ya kama hanyar Katsina, ba zai yi nisa ba zai tarar da Kasuwar Dawanau, wadda aka kafa a 1985, wadda kuma ake ɗauka ita ce babbar kasuwar hatsi a Afirka ta Yamma. Tireloli na shigowa da masara da dawa da gero da wake da riɗi, wasu na fita da su zuwa kudancin Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru. Farashin da dillalai suka tsayar a can da safe, kafin la'asar ya iso kwanon mai awo a cikin birni.

Abin da ya sa muka zaɓi wannan wuri shi ne wata muhawara da ta daɗe ana yi a duniya, wadda ke sake ɗago kai a Najeriya duk lokacin da fetur ya yi tsada: a riƙa sarrafa amfanin gona ana fitar da etanol, ana gauraya shi da fetur ana zuba wa mota.

Etanol ruwa ne garau mai kama wuta. Ana samun sa daga duk abin da ke da zaƙi ko sitaci, kamar rake da rogo da masara da dawa. Akan niƙa hatsin a dafa, a sa masa yis ya yi tsami, sannan a tafasa a tattara tururin. Asalinsa dai sinadarin barasa ne, shi ya sa wanda aka yi domin injin ake zuba masa fetur ko wani abu mai ɗaci tun a masana'anta, yadda ba zai shawu ba. Ƙarfinsa bai kai na fetur ba, wajen kashi biyu cikin uku ne. Idan aka sa kashi 10 cikin 100 na etanol a fetur, wanda ake kira E10, tafiyar da lita ɗaya za ta yi tana raguwa da kimanin kashi 3 cikin 100. Ga mai A Daidaita Sahu da ke biyan balas kullum, wannan kashi ukun kuɗi ne.

Maganar ba sabuwa ba ce a ƙasar nan. Tun a shekarun 1970 akwai masana'antar da ke fitar da etanol a Bacita ta Jihar Kwara, daga baƙin ruwan zaƙi mai kauri da ke saura bayan an cire sukari daga rake. A 2005, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, kamfanin NNPC ya buɗe sashen makamashi mai sabuntuwa, kuma a 2007 gwamnatin tarayya ta fitar da manufar ƙasa kan man da ake samu daga tsirrai, wadda ta tsara a kai ga E10. Aka ambaci gonakin rake a Binuwai da Gombe, da na rogo a Ondo da Anambra. A 2017 NNPC ya sa hannu da gwamnatin Jihar Kebbi kan wata masana'antar ta rogo da rake. Takardu sun yi yawa, bukukuwan sa hannu ma haka. Amma har yau ba a ga E10 a gidajen man da ke kan hanyar Katsina ba. A lokacin da gwamnati ke biyan tallafin mai, babu etanol ɗin da zai iya gogayya da fetur mai arha.

Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cewa tallafi ya tafi. Litar da ake sha ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Daga nan lissafin ya sauya, masu goyon bayan etanol suka samu bakin magana.

Kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna nuna Barazil, wadda ta fara shirinta na etanol daga rake a 1975, bayan tashin farashin mai na 1973 ya jijjiga ta. A 2003 aka fara sayar da motocin da ke shan fetur ko etanol ko gaurayensu, direba ya duba wanda ya fi arha ya zuba. Tun 2015 fetur ɗin ƙasar na ɗauke da kashi 27 na etanol, a 2025 aka ɗaga zuwa 30. Tukar raken da aka matse ma ba a zubar da ita, ana ƙona ta a ba masana'antar wuta, a sayar da rarar lantarkin. Masu wannan ra'ayi na cewa manomin Arewa ya daɗe yana kuka da faɗuwar farashi da kaka, lokacin da kowa ke fitar da hatsi don biyan bashin taki. Da akwai masana'antar da ke saye a kai a kai, in ji su, da manomi ya san inda zai kai kayansa, kuma kuɗin da ke tafiya waje ya tsaya a ƙauye.

To, bari mu ɗauki ƙididdigar mu kai ta Dawanau. Buhun masara mai kilo 100 yana ba da etanol kimanin lita 40, sai dusa wajen kilo 30 da ake ba dabbobi. Najeriya na shan fetur kusan lita miliyan 50 a rana. Kashi goma na wannan shi ne lita miliyan 5. Idan daga masara za a fitar da shi, ana bukatar buhu 125,000 kowace rana, wato tirela fiye da 400 idan kowace ta ɗauki buhu 300, babu ranar hutu, rani da damina. A shekara ya kai tan miliyan huɗu da rabi, alhali duk masarar da ƙasar ke girbewa ba ta wuce tan miliyan 11 zuwa 12 ba. Fiye da kashi ɗaya cikin uku ke nan.

Amurka na yin haka, gaskiya ne. Bayan dokokin da ta kafa a 2005 da 2007, fiye da kashi ɗaya cikin uku na masararta na tafiya ne masana'antun etanol. Sai dai manomin Amurka na samun wajen tan 11 a hekta guda, na Najeriya kuwa tan 2 ne ko kusa da haka. Sannan masarar can yawancinta ta dabbobi ce da masana'antu. Ta nan tuwo ce da koko, abin da yaro ke ci kafin ya tafi makaranta.

Ko a can ɗin ma abin bai tsaya a iyakarsu ba. A watan Janairun 2007 dubban mutane sun yi zanga-zanga a birnin Meziko saboda tsadar wainar masarar da ita ce abincinsu na yau da kullum, kuma bukatar masana'antun etanol na Amurka na cikin abubuwan da aka ɗora wa laifi. A ƙarshen 2007 Jean Ziegler, wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin samun abinci, ya nemi a dakatar da mayar da abinci mai har shekara biyar. Masana tattalin arziki sun saɓa kan girman kason etanol a tsadar abincin 2007 da 2008, domin tsadar ɗanyen mai da fari da hana fitar da hatsi duk sun taka rawa. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Indiya. Ta matsa sai ta kai kashi 20 na etanol a fetur, ta cim ma hakan a 2025, ta kuma karkata ga masara. A 2024, ƙasar da ta saba fitar da masara ta koma shigo da ita, masu kiwon kaji suka yi ta ƙorafin tsadar abincin kaji.

Mutanen Dawanau ba sa bukatar a ba su labarin abin da babban mai saye ke yi wa kasuwa. Tun da aka hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanonin lemon malt da na giya suka koma ga dawa, wakilansu na zuwa da kaka su kwashe. Masu haɗa abincin kaji na nan, 'yan kasuwar ƙetare na nan. A watan Fabrairun 2024, da tsada ta kai maƙura, hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da rashawa ta Jihar Kano ta rufe wasu rumbunan ajiya a yankin bisa zargin ɓoye abinci, 'yan kasuwar kuma suka musanta. A tsakiyar shekarar hauhawar farashin abinci a Najeriya ta haura kashi 40 cikin 100, har gwamnati ta ɗage harajin shigo da masara da alkama da shinkafa na kwana 150. Ƙasar da ta shiga wannan hali shekarun nan, ba ta da rarar masarar da za ta zuba a tanki. A ganin wannan shiri, wannan ɓangaren muhawarar a rufe yake.

Ɓangaren muhalli ya fi sarƙaƙiya. Dalilin da ake kiran etanol mai tsafta shi ne, iskar kabon da yake fitarwa idan ya ƙone, shukar ce ta zuƙe ta tun tana gona. Amma kafin buhu ya zama lita, an zuba taki, tarakta ta sha gas, tirela ta yi jigila, an hura wuta a masana'anta. Cibiyar bincike ta Argonne ta gwamnatin Amurka ta ce a 2021 etanol ɗin masara ya gaza fetur wajen gurɓata iska da kashi 44 zuwa 52. Shekara ɗaya bayan haka wani bincike da Tyler Lark na Jami'ar Wisconsin ya jagoranta ya ce idan aka haɗa da filayen ciyawa da aka nome saboda masarar, bai fi fetur ba, mai yiwuwa ma ya fi shi illa da aƙalla kashi 24. Abin da ya raba su shi ne yadda ake ƙirga sabuwar ƙasar da aka share. A Arewa, sabuwar ƙasa tana nufin makiyaya da burtali da ɗan dajin da ya rage, wuraren da tuni ake zubar da jini a kansu.

Rake ya fi masara bayar da makamashi nesa ba kusa ba, amma yana da ƙishirwa, kuma shekara guda yake yi a gona. Ruwan da ke madatsar Tiga da ta Challawa shi ne na shinkafa da tumatirin Kadawa, shi ne na famfon Kano, shi ne kuma wanda masunta da manoman fadamar Haɗeja da Nguru ke jira. Ga batun fili. Lokacin da gwamnatin Jigawa ta ware hekta 12,000 a yankin Gagarawa domin gonar raken sukari, manoma da dama sun tashi tsaye suna cewa gonakin gadonsu ne, maganar ta ɗauki shekaru ana ja. Duk mai shirin gonar etanol a Arewa zai haɗu da wannan tambaya tun kafin ya dasa kara ɗaya.

Akwai wata hanya da ta dace da ƙasarmu, kuma yaran karkara sun san ta tun kafin masana: takanda. Dawa ce mai zaƙin kara, tana jure ƙarancin ruwa fiye da rake, tana nuna cikin wata huɗu. Manomi zai yanke zangarniya ya kai rumbu, a matse karan a samu ruwan zaƙi, tukar ta tafi ga shanu. Cibiyar ICRISAT, wadda ke da ofis a nan Kano, ta gwada fitar da etanol daga irin wannan dawa tare da wata masana'anta a Indiya a wajajen 2007. Gwajin ya nuna inda gizo ke saƙa. Zaƙin karan na raguwa da sauri bayan yanka, don haka dole matsewar ta kasance kusa da gona, kuma girbin na zuwa ne lokaci guda, injin ya zauna sauran watanni babu aiki. Matsala ce ta tsari da ta kasuwa, irin wadda masu binciken dawa na Samaru da na Kano za su iya zama a kai. Wata hanyar kuma ita ce baƙin ruwan da ke saura a masana'antun sukari na Numan da Sunti, wanda ba ya cire loma daga bakin kowa.

Sai tambayar inda ya kamata litar farko ta tafi. Makanikai na da dalilin ɗari-ɗari. Etanol na jan danshi, yana cin tsofaffin robobi da tiyo, yana sa kafireta tsatsa idan janareta ya daɗe a ajiye da mai a ciki. A farkon 2008 wani fetur da aka shigo da shi Legas mai etanol fiye da kima ya lalata motoci da yawa. Wanda ya jawo dogayen layuka a Fabrairun 2022 kuwa metanol ne, wani sinadarin daban, amma direba bai raba su ba, abin da ya sani gurɓataccen mai ne. A garin da ake sayen mai a galan da kwalba wajen 'yan bumburutu, wa zai tabbatar kashi goma bai zama ashirin ba?

A madafa kuwa lamarin ya sha bamban. Yawancin gidajen da ke lungunan Dala da Gwammaja da kewayen Ƙofar Dawanau da itace da gawayi suke girki, kuma da gas ya yi tsada wasu da suka bari sun koma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida na kashe mutum kusan miliyan 3 a shekara, mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarsa. Risho mai amfani da etanol na ba da wuta shuɗiya marar hayaƙi, an yi amfani da shi a sansanonin 'yan gudun hijira a Habasha. Gida ɗaya ba ya bukatar abin da ya wuce lita guda ko kusa da haka a rana. Lita miliyan 5 ɗin da za ta ɓace a tankunan motocin ƙasar nan, za ta iya sauke tukunya a gidaje miliyoyi, kuma kowace motar itace da ba ta shigo Kano ba bishiyoyi ne da suka tsira a daji. Abin da ya rage shi ne farashi: sai litar ta yi arha har uwargida ta ga ta fi mata ƙullin gawayin da take aikawa a sayo mata kullum da safe.