Dabarar Warware Matsala a Jiyyar Ciwon Damuwa

A wannan takarda za mu duba wata hanyar jiyya wadda masana biyu na Amurka, D'Zurilla da Goldfried, suka aza harsashinta a 1971. Mai ciwon damuwa yakan ga matsalolinsa sun cakuɗe sun zama abu guda, sai ya sare, sarewar kuwa ta ƙara masa ciwon. Don haka mai jiyya ba ya yanke masa shawara, sai dai ya sa shi ya ware matsala ɗaya ya fayyace ta. Wato maimakon "rayuwata ta lalace", ya ce "ana bi na kuɗin hayar wata 3". A ganinmu a nan wahalar aikin take. Bayan haka majiyyacin ya jero mafita iri-iri, ya zaɓi guda, ya gwada kafin zama na gaba.

Binciken Mynors-Wallis a Ingila a 1995 ya nuna cewa zama 6 ya yi tasiri kamar ƙwayar amitriptyline. A Harare kuwa, Dixon Chibanda ya horar da dattijai mata suka riƙa yin wannan jiyya bisa benci a harabar asibiti, wanda ciwonsa ya tsananta su miƙa shi ga ƙwararru.