Daga Fijo Zuwa Prado: Yadda Motocin Gida Suka Rasa Kasuwar Gwamnati

A watan Mayun 2025 ne Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar fifita kayan Najeriya wajen sayayyar gwamnati. A ƙarƙashinta, ma'aikata ko hukuma ba za ta sayi kayan waje ba matuƙar akwai irinsa a gida, sai da izini a rubuce daga Hukumar Kula da Sayen Kayan Gwamnati, BPP. Cikin duk kayan da umarnin ya shafa, da wuya a sami wanda ya kai mota jawo ce-ce-ku-ce. Duk wanda ya ratsa wurin ajiye motoci na Sakatariyar Tarayya ko na Majalisar Dokoki ya san dalili: Hilux, Prado, Land Cruiser, Camry da Corolla ne jere reras, sai jefi-jefi a hango wadda aka haɗa a Nnewi ko Kaduna ko Legas.

Ba wannan ne umarni na farko ba. A Mayun 2017 Muƙaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya sanya hannu a Umarnin Zartarwa mai lamba 003, wanda ya ce aƙalla kashi 40 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa kan wasu kayayyaki, har da motoci, ya tafi ga na gida. Shekara uku bayan haka, Majalisar Wakilai ta yi odar Toyota Camry guda 400. A 2023 kuma aka saya wa 'yan majalisar tarayya, sanatoci 109 da wakilai 360, manyan motoci ƙirar jif daga waje, a kan kuɗin da rahotanni suka ce ya kai naira miliyan 160 kowace ɗaya. Da surutu ya yi yawa, shugaban kwamitin hidimomi na Majalisar Dattawa, Sanata Sunday Karimi, ya kare matakin da hujjar ƙarko: hanyoyin ƙasar sun lalace, ana bukatar motar da za ta yi shekara huɗu ba ta durƙushe ba.

Mutane da yawa sun ɗauki wannan bayani a matsayin fakewa da guzuma, kuma ba za a ce ba su da hujja ba. To amma duk jami'in da ya taɓa riƙe sashen sufuri na wata ma'aikata ya san cewa maganar ƙarko ita ce ke yanke hukunci a ƙarshe, ko an faɗe ta a fili ko a bayan fage. Daraktan da zai tafi rangadi Jalingo ko Birnin Kebbi ba takardar umarni yake tunawa ba idan mota ta mutu masa a daji da magariba.

Akwai lokacin da wannan muhawara ba ta taso ba sam. A shekarun 1970 gwamnatin tarayya ta haɗa gwiwa da kamfanonin Turai aka kafa masana'antun haɗa motoci guda shida: Peugeot a Kaduna, Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, sai Mercedes a Enugu. Masana'antar PAN da ke Kakuri ta fara fitar da motoci a 1975. Bayan Janar Olusegun Obasanjo ya hau mulki a 1976, gwamnatinsa ta ɗauki manufar rage facaka, Peugeot 504 ta zama motar ofis tun daga manya har ƙasa. Babban sakatare Fijo yake hawa, direban tasha ma ita yake lodi daga Kano zuwa Jos.

Abin da ya sa 504 ta karɓu ya wuce umarnin soja. Mota ce mai tsayi daga ƙasa, mai jure gargada, injinta ba shi da sarƙaƙiya. Fiye da haka, kayan gyaranta suna ko'ina, kuma babu garin da za a rasa bakaniken da ya san ta ciki da waje. Ba cewa ake ba ta lalacewa ba. Tana lalacewa, sai dai kafin la'asar an tashe ta. Shi ya sa aka ci gaba da haɗa ta a Kaduna har tsakiyar shekarun 2000, tun Faransa ta daɗe da daina ƙera ta.

Rushewar ta zo ne daki-daki. Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, kuma da yake mafi yawan sassan motocin daga waje ake sayo su, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Sai ƙofar motocin hannu ta buɗe, waɗanda ake kira tokumbo ko Beljiyam, ta tashoshin Legas da Kwatano, aka fara sabawa da Honda da Toyota. A 2003 gwamnati ta kawo tsarin mayar da alawus-alawus kuɗi, ta janye daga saya wa mafi yawan jami'anta motocin ofis. Tsofaffin ma'aikata na tuna wannan tsari ta fuskar gidajen gwamnati da aka sayar a Abuja, amma a Kakuri ma'anarsa ita ce babban mai saye ya juya baya. An sayar da hannun jarin gwamnati a PAN a 2006, bashi ya yi wa kamfanin katutu, hukumar AMCON ta karɓe shi a 2012. A tsakanin nan Michelin da Dunlop suka daina yin taya a ƙasar.

Yunƙurin farfaɗowa ya zo da manufar motoci ta 2013, wadda ta ɗora harajin da ya kai kashi 70 cikin ɗari kan ƙananan motocin da aka shigo da su a haɗe, ta kuma sassauta wa masu shigo da sassa su haɗa a gida. Kamfanoni da dama suka karɓi lasisi. Innoson na Innocent Chukwuma, wanda aka buɗe masana'antarsa a Nnewi a 2010, ya sami sarari. Stallion ya fara haɗa Nissan da Hyundai a Legas. Daga baya Nord ya shigo, Dangote kuma ya haɗa kai da masu Peugeot aka buɗe sabuwar masana'anta a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja a 2022.

Sai dai manufar ba ta taɓa zama doka ba. Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙi sanya hannu a ƙudirinta a 2019, sannan Dokar Kuɗi ta 2020 ta zaftare ƙarin harajin da ke kan ƙananan motoci zuwa kashi 5. Mai zuba jarin da aka ce masa ya gina masana'anta bisa alƙawarin kariya ya wayi gari an janye tabarmar. Ba abin mamaki ba ne da Volkswagen ya buɗe wurin haɗa motoci a Ghana a 2020, Toyota ya bi sahu a Tema a 2021, alhali kasuwar Najeriya ta ninka ta Ghana.

A nan akwai gaskiyar da masu kishin kayan gida ba su cika son ji ba. Mafi yawan abin da ake kira motar Najeriya, injinta da giyarta da kayan lantarkinta daga waje suke zuwa, galibi daga Sin. Wasu masana'antun kusan a haɗe motar ke iso musu, su ɗaura taya da batir da kujeru. Wasu na yin walda da fentin gangar jiki a nan, wanda ci gaba ne na gaske. Amma muddin Ajaokuta ba ta fitar da ƙarfe, kamfanin gida da dala yake sayayya kamar kowa. Lokacin da naira ta faɗi daga kimanin 460 a kan dala a tsakiyar 2023 zuwa fiye da 1,500 a 2024, farashin ta gida da ta waje tare suka tashi.

Kuma abokin hamayyar motar gida na haƙiƙa ba sabuwar Toyota ba ce. Tsohuwar Corolla ce ko Camry da ta shekara goma a titunan Amurka. Ita ce ma'aikaci mai mataki na 12 yake tara kuɗin adashe da bashin ƙungiyar ma'aikata ya saya, kuma lissafinsa ba na wauta ba ne. Ya san zai sami kayan gyaranta a Apo, a Panteka, a Ƙofar Ruwa ko Ladipo, sabo da na hannu. Ya san bakanikensa ba zai koyi aiki a kanta ba. Ya kuma san ranar da bukata ta taso, kuɗin makaranta ko na asibiti, dillali zai saye ta a yini guda. A wurin ɗan Najeriya waɗannan abubuwa uku su ne ƙarko, ba ƙarfin ƙarfe kaɗai ba. Su ne Fijo ta mallaka a da, su ne Toyota ta gada.

Amurkawa sun sha irin wannan gwagwarmaya. Bayan tashin farashin mai na 1973, ƙananan motocin Japan masu tsimin fetur suka fara cinye kasuwar General Motors da Ford da Chrysler. A 1981 gwamnatin Amurka ta matsa wa Japan ta taƙaita motocin da take turawa zuwa miliyan 1.68 a shekara. Japanawa suka amsa da gina masana'antu a cikin Amurka: Honda a jihar Ohio a 1982, Toyota a Kentucky a 1988. Kariyar ta ba kamfanonin Detroit numfashi, amma ba ta sauya ra'ayin mai saye ba, domin kowace shekara mujallar Consumer Reports da kamfanin J.D. Power na wallafa irin matsalolin da masu motoci suka fuskanta, kuma na Japan suka daɗe suna kan gaba. A 2009 General Motors da Chrysler suka shiga kotun fatara. A 2021 Toyota ya sayar da motoci a Amurka fiye da General Motors, karo na farko da wani ya ture kamfanin daga matsayin da ya riƙe tun 1931.

Labarin Hyundai ya fi kusa da halin masana'antunmu. Motocinsa sun yi ƙaurin suna a Amurka wajen yawan lalacewa, har suka zama abin ba'a. A ƙarshen shekarun 1990 kamfanin ya ba da garantin shekara 10 ko tafiyar mil 100,000 kan inji da giya. Garantin ya tilasta masa gyara aikinsa, domin duk abin da ya lalace daga aljihunsa za a biya, mai saye kuma ya sami abin riƙewa a hannu maimakon alƙawarin baka.

A Najeriya babu wata hukuma ko mujalla da ke wallafa irin waɗancan alƙaluma duk shekara. Ana yanke wa motar gida hukunci ne da labarin direbobi da hirar gareji, wani ya yaba, wani ya kushe. Alhali gwamnati ce ke zaune a kan bayanan. Rundunar soja da wasu hukumomin tarayya da gwamnatocin jihohi sun shekara da shekaru suna amfani da motocin Innoson da wasu na gida, kafaɗa da kafaɗa da Hilux, a kan hanyoyi iri ɗaya. Kowace motar gwamnati na da littafin zirga-zirga da fayil ɗin gyara. Da za a tattara waɗannan, a ga kwana nawa kowace ƙira ta yi a gareji, nawa ta ci a shekara uku, nawa aka saye ta a gwanjo, da BPP da Hukumar Bunƙasa Ƙera Motoci, NADDC, sun sami ma'aunin da za su amince ko su ƙi bukatar sayen ta waje. Idan babu shi, jami'in da ke son Prado zai rubuta kalmar ƙarko a takardar neman izini, kuma ba wanda ke da abin da zai ƙaryata shi da shi.

Haka nan sharuɗɗan kwangila na hannun jami'an saye. Ma'aikatar da za ta sayi a-kori-kura hamsin na da ikon neman garanti mai tsawo a rubuce, da wurin gyara a kowace shiyya, da wa'adin kawo kayan gyara, da horar da kanikawanta. Kamfanin da ya yarda da aikinsa zai sa hannu.

Ta ɓangaren ma'aikaci kuwa, kuɗi ne katanga. A ƙarshen 2024 hukumar bashin masu saye, CREDICORP, da NADDC suka ƙaddamar da asusun naira biliyan 20 domin sayen ababen hawa da aka haɗa a gida. Ko da a ce kowace mota naira miliyan 20 ce, motoci dubu ɗaya kacal kuɗin zai saya, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000 a wata.