Wa'azin da ya ɓuya a Mainz

Mai karatu, a ce kai ne mai wa'azi. Ka tashi za ka yi magana, majami'a ta cika maƙil, sai hayaniya ta kaure, wasu na ihu ka matso inda za su ji ka da kyau. Za ka daure ka ci gaba, ko za ka sauko?

Agustin, bishop ɗin Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, saukowa ya yi. A Kartaj abin ya faru, kusa da Tunis ta yanzu, a farkon ƙarni na 5. Ya bar mumbarin ba tare da ya yi wa'azin ba. Washegari ya dawo ya yi musu dogon wa'azi kan biyayya, yana ba da hanzarinsa, yana kuma ja musu kunne. To ta yaya muka san wannan rigima bayan shekara dubu da ɗari shida?

A lokacin akwai marubuta masu saurin hannu da ke kama maganarsa da Latin yana cikin yi. Bayan rasuwarsa a 430, lokacin da mayaƙan Bandal ke kewaye da Hippo, abokinsa Posidiyus ya bar jerin sunayen ayyukansa. Amma wa'azozi da yawa sun salwanta. Na wasu, abin da ya rage sai suna a jeri, ko 'yan layuka da malamai irin su Bede na Ingila da Florus na Liyon suka tsakuro cikin littattafansu. Masana suka haƙura da guntaye.

A 1990 aka buga kundin bayanin rubuce-rubucen hannu na ɗakin karatun birnin Mainz a Jamus. Wani masani Bafaranshe, Faransuwa Dolbo, yana dubawa sai idonsa ya tsaya kan wani littafi da 'yan zuhudu na Kartusiya suka kwafa a ƙarni na 15. Me ya sa ba wanda ya kula da shi? Ganin sa ake yi sabon kwafi, shekara dubu bayan mai wa'azin, ba a zaton zai ƙunshi wani abu da ba a sani ba. Raini ne ya rufe shi! An rufe gidan zuhudun a 1781, aka yi wa Mainz ruwan bama-bamai a 1945, littafin yana nan.

Da kai ne, mai karatu, za ka ɓata lokacinka kan kwafin da manya suka wuce? Ka tuna tsofaffin takardun da ke cikin gafaka a zaurukan malamai a Sabuwa da Faskari, waɗanda ake cewa ai an san abin da ke ciki. Wa ya buɗe ya tabbatar?

Dolbo ya buɗe nasa. Wa'azi 26 ya samu, wasu ba a taɓa gani ba, wasu kuma cikar guntayen nan ne. Na biyayya na ciki. Akwai kuma na ranar 1 ga Janairu 404, mai tsawon gaske, wanda masana ke ganin ya ja shi ne don ya riƙe mutanensa a majami'a, kada su fita shagalin sabuwar shekara da ake yi a titi.

Ba a gama mamaki ba, sai a 2008 wasu masana daga Biyena suka sanar da ƙarin wa'azozi shida na Agustin, cikin wani ɗan ƙaramin littafi na ƙarni na 12 a Erfurt.